Kun Tambaya: Injin da ke riƙe biro a cikin aji

Tun ranar da na ambaci injin zanen da ke kan teburina a bitar makarantarmu a nan Bauchi, saƙonni suka yi ta shigowa. Wasu ta waya, wasu a rubuce, wani bawan Allah ma har gida ya biyo ni bayan la'asar yana son ya gani da idonsa. Na zaɓi guda biyar. Na rage tsawon gaisuwar, don wasunku gaisuwarsu ta fi tambayar tsawo. Duk ina amsawa, Allah ya bar zumunci.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a Azare. Na ga bidiyon wani inji yana riƙe da biro yana zana furanni shi kaɗai. Mene ne bambancinsa da firinta? Kuma tunda firinta za ta fitar da zanen nan kafin a ƙifta ido, me zai sa in tsayar da yara minti goma suna kallon biro yana jan ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Firinta ba ta san da'ira ba, ba ta san layi ba. Ɗige-ɗige take zubawa jeri bayan jeri daga saman takarda zuwa ƙasa, sai idonmu ya haɗa su ya ga hoto. Shi kuwa wannan injin, wanda ake kira fulota, bin layin yake yi daga farkonsa zuwa ƙarshensa kamar yadda hannunki zai bi. Abu uku kacal ya iya: ya tafi dama ko hagu, ya tafi gaba ko baya, ya ɗaga biro ko ya sauke. Moto ɗaya na jan shi ta wannan gefe, wani moton ta wancan gefe, wani ɗan ƙarami kuma na ɗaga biron. Duk furen da kika gani a bidiyon daga waɗannan ukun ya fito.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin CalComp a Amurka ya fitar da nasa samfurin mai lamba 565 tun 1959, kuma a shekarun 1980 injinan HP masu ɗaukar biro shida ne ke zana taswirar gine-gine a ofisoshin injiniyoyi. Da manyan firintoci masu fesa tawada suka zo sai aka ture shi gefe. Abin da ya dawo da shi shi ne arhar ƙananan allunan lantarki irin su Arduino, har ya zama malami irina zai iya haɗa nasa.

Yanzu ga zancen jan ciki. Malama, wannan jan cikin shi ne abin da nake so a jikinsa. Ɗalibaina sun sa wa namu suna Akawu, saboda abin da aka faɗa masa shi yake rubutawa, ba ya musu, ba ya gyara wa kowa. Bari in ba ki labarin abin da ke faruwa duk shekara ba fashi. Nakan ce wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare su sa Akawu ya zana alwatika mai ɓangarori uku daidai wa daida. Duk sun haddace cewa kowace kusurwa digiri 60 ce, sai su rubuta: tafi gaba milimita 50, juya 60, tafi gaba 50, juya 60, tafi gaba 50. Ba na cewa uffan. A sauke biro, aji ya yi tsit, layin farko ya fita lafiya lau. A juyin farko za ki ji wata ta ce "a'a, ba nan ba!" tana miƙa hannu kamar za ta kamo biron. Kafin a gama, abin da ke kan takarda rabin siffa mai ɓangarori shida ne, buɗe kamar kwano. Sai gardama ta kaure, wasu su ce injin ya lalace. Nakan fito da ɗaya tsakar aji in ce ta taka alwatikan da ƙafarta, ta lura da yadda jikinta ke juyawa a kowace kwana. Nan take za ta ji cewa juyin ya fi 60, domin mai tafiya kusurwar waje yake juyawa, wato 120, kuma uku sau 120 ya ba da 360, zagaye ɗaya cif. Shekara da shekaru ina rubuta ƙa'idar kusurwar waje a allo yara na kwafa suna mantawa. Waɗanda suka ga biro ya ɓace hanya a gabansu ba su cika mantawa ba. Da firinta ce, takarda za ta faɗo da kuskuren a gama, ba wanda ya ga inda aka saki hanya.

Wannan dabarar ta "tafi gaba, juya" ba tawa ba ce. Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna Logo a 1967 domin yara, daga baya aka haɗa shi da wani ɗan mutum-mutumi mai yawo a ƙasa da biro a cikinsa, wanda suka kira kunkuru. Kunkurun nan yana nan har yau a cikin harshen Python, kyauta, kuma ba ya buƙatar intanet bayan an ɗora shi.

Ga ɗaya da za ki gwada da 'yan matanki. Ki sa a maimaita "tafi gaba milimita 10, juya digiri 10" har sau 36. Abin da zai fito ido zai ce da'ira ce. Kewayenta an sani, 360 ne, tunda su suka rubuta. Ki ba su rula su auna faɗinta ta tsakiya, za su samu kusan 115. Su raba 360 da 115. Za su ga 3.13, dab da wannan 3.14 ɗin da suke haddacewa ba su san daga ina ya faɗo ba. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, saboda haka da'irar za ta shiga ba matsi. Idan sun ji daɗi, ki ba su tauraro mai tsini biyar su nemo juyinsa da kansu. Amsar 144 ce, amma kada ki faɗa musu. Ki bari su ɓata takarda uku ko huɗu tukuna.

Tambaya: Malam, ina da makaranta mai zaman kanta a Tudun Wadan Gombe. Iyaye suna ta tambaya ko muna koyar da kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni. Ina son in sayi injin nan guda biyu ko uku. Wanne zan saya, nawa ne, kuma yaya zan yi da matsalar wuta da yawan yara? Wani ajin namu ya kai mutum sittin.

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, kada ka sayi komai a wannan zangon. Na san ba amsar da kake so ba ke nan, amma ka saurare ni.

Na taɓa koyarwa a wata makaranta da aka kawo wa kwamfutoci sababbi fil. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka kai su ofishin shugaba aka kulle don kada yara su ɓata. Har na bar makarantar ledar jikinsu ba a cire ba. Abin da ya rasa a can malamin da ya san abin da zai yi da su ne, da kuma shugaban da zai yarda a taɓa. To fara da malamin. Ka nemo mutum ɗaya a cikin ma'aikatanka wanda hannunsa ke ƙaiƙayin kwance abu, ko malamin lissafi ne ko na zanen fasaha, ka ba shi zango guda ya yi darasin nan ba tare da inji ba.

Yadda nake yi shi ne, mu fita fili mu ja layuka a ƙasa da toka, taki ɗaya tsakanin kowane layi, goma a tsaye goma a kwance. Yaro ɗaya shi ne injin, yana riƙe da sanda a madadin biro. Wani yana karanta umarnin da ƙungiyarsu ta rubuta: sauke sanda, je uku da biyar, ɗaga sanda. Sharaɗin shi ne wanda ya zama inji ba shi da izinin yin tunani. In an manta ba a ce ya ɗaga sanda ba, haka zai ja ta a ƙasa ya ɓata zanen, 'yan aji na dariya. A wannan wasan yaro ke gane mene ne umarni, me ya sa jerin umarni ke da muhimmanci, da yadda ake bin sawun kuskure layi bayan layi har a kamo shi. Kodin ɗin da iyaye ke tambaya ke nan, tun kafin a kunna komai. Idan malaminka ya riƙe wannan zango guda yara ba su gaji ba, to ka saya, kuma guda ɗaya.

Akwai hanya uku. Akwai wanda aka gama haɗawa, yana da kyau da inganci amma kuɗinsa da dala ne, kuma in wani abu ya karye a cikinsa sai an jira saƙo daga waje. Akwai wanda ake sayarwa a warwatse a cikin kwali ka haɗa da kanka, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Sai na uku, irin nawa, wanda muka harhaɗa da sandunan ƙarfe da bel na matattun firintoci da na tsinto wurin masu gyara, da katakon da kafinta ya yanka mini, sai allon Arduino Uno da moto biyu da na yi oda. Ba zan rubuta farashi ba, don kafin mujallar nan ta iso hannunka dala ta motsa. A matsayinka na mai makaranta, na biyun nake ba ka shawara, kuma a haɗa shi a gaban manyan ɗalibai. Abin da yaro ya ɗaure notinsa da hannunsa ba ya barin wani ya yi wasa da shi.

Wuta ba ta cika ba ni ciwon kai ba. Irin wannan ƙaramin injin da bolt 12 yake aiki, saboda haka batirin mota ko na sola ya ishe shi, allon Arduino kuma daga jikin laftof yake shan tasa wutar. Ka tabbata dai an cika cajin laftof ɗin tun da safe. Abin da ya fi wuta damuna ƙura ce. Da hunturu, in ka bar shi a buɗe kwana biyu sandunan za su yi kauri, biro ya riƙa tafiya yana tuntuɓe. Uwargida ta ba ni wani tsohon zani, shi nake lulluɓa masa kullum in an tashi. Kada a lafta masa giris, ƙura yake kamawa ya zama kamar kunu. Ɗigon man keken ɗinki a goge da tsumma ya wadatar. Biro kuwa, wannan na kantin bakin makaranta shi ya fi, domin masu bakin soso da iskar hunturu ta buge su sun bushe.

Yara sittin da inji ɗaya, a raba su ƙungiya goma, shida-shida. Ba wanda zai kusanci injin sai ƙungiyarsa ta zana abin a takardar giraf da hannu, ta rubuta umarnin, sannan wata ƙungiyar ta karanta ta sa hannu cewa ta duba. A darasi guda ƙungiya uku ko huɗu ne za su samu shiga, sauran su jira mako mai zuwa, kuma kowane zane kada ya wuce minti biyar. Jiran layin ma yana da amfaninsa. Wanda ya san in ya yi kuskure sai wani makon, yakan duba aikinsa sau biyu. Abu ɗaya da za ka sa wa ido: a ajin da ke haɗe, maza kan mamaye laftof su bar mata da riƙe takarda. Ni juya aikin nake yi da suna, kowa sai ya zauna a kujerar.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina gyaran waya da firinta a kusa da kasuwar Wunti. Na haɗa nawa injin da Arduino da GRBL, manhajar da ke tuƙa motocin, kamar yadda na gani a intanet. Yana motsi, amma in na ce ya zana da'ira sai ya zana ƙwai, in na ce murabba'i kuma ƙarshen layin ba ya komawa inda ya fara. Na canza moto, abin bai canza ba.

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari, kuma ka mayar da tsohon motonka, ba shi da laifi. Cuta biyu ce ke damun injinka, kowace da maganinta.

Ƙwan tukuna. Irin moton da ake sa wa injinan nan ba ya juyawa sulu kamar na fanka, taki-taki yake yi. Wanda aka fi samu, NEMA 17, kowane taki nasa digiri 1.8 ne, wato taki 200 a zagaye guda. Ɗan allon da ke tuƙa shi, irin A4988, yana iya raba kowane taki gida 16, ya zama 3200. In bel ɗinka GT2 ne, tsakanin haƙori da haƙori milimita 2 ne, in kuma fulin, wato ɗan gargaren da ke jan bel ɗin, yana da haƙora 20, zagaye guda zai ja biro milimita 40. Raba 3200 da 40, ka samu taki 80 a kowace milimita. Wannan lambar ita GRBL ke son ka faɗa masa, a saitin da ake kira $100 domin dama da hagu, a saitin $101 domin gaba da baya. Matsalar ita ce kai kayan tsofaffin firintoci ka tsinto, kuma da wuya fulin gefe biyun su zama iri ɗaya. Ka ba su lamba ɗaya alhali tafiyarsu ta bambanta, shi ya sa gefe guda ya fi tsawo, da'ira ta koma ƙwai.

Ba sai ka ƙirga haƙora ba. Ka sa shi ya ja layin milimita 100 ta kowane gefe, ka auna da rular ƙarfe. A ce ka sa 80, layin ya fito 94. Sabuwar lambar ita ce 80 sau 100 a raba da 94, wato 85.1. Shigar da ita, sake ja, sake aunawa. Sau biyu ko uku za ka ga ya zauna. Wannan lissafin, in ka lura, shi ne dai na "in mudu kaza ya kai naira kaza" da aka koya mana a firamare. Ni da gangan nake ɓata lambar nan a farkon zango in bar 'yan babban aji su gano ta.

Murabba'in da ba ya rufewa kuwa, duba abu uku bi da bi. Taɓa bel ɗin: in ya saki, duk sanda moto ya juya baya sai ya ɗan yi tafiyar banza kafin biro ya motsa. Ɗaure shi har in ka fizge shi da yatsa ya yi 'yar ƙara, amma ba kamar tsirkiyar goge ba. Sannan ɗan sukurun da ke riƙe fuli a jikin ƙarfen moto, shi ne munafukin da ya fi wahalar da ni, yakan saki ba a gani. Na uku gudu. In ka matsa wa moto ya yi saurin da ya fi ƙarfinsa, ko biro ya danne takarda da yawa, zai tsallake taki, kuma allon ba shi da hanyar sanin an tsallake, lissafinsa kawai yake ci gaba da yi. Rage gudun rabi ka gani. Gwada tura masa wannan jerin umarni: G21 don ya san da milimita ake magana, G90 don ya auna komai daga mafari, sai G1 X50 Y0 F800, G1 X50 Y50, G1 X0 Y50, G1 X0 Y0. In biro ya dawo kan ɗigon da ya tashi, ka warke.

Ƙari ɗaya da ba ka tambaya ba. Bayan ya rufe, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, duka biyun. A murabba'i mai milimita 100 kowanne ya kamata ya ba ka 141.4. In ɗaya ya fi ɗaya, sandunanka ba su haɗu a kan sukwaya ba, sai ka kwance ka daidaita. Magina ma haka suke yi da igiya in za su fitar da harsashin ɗaki, uku, huɗu, biyar, ko da ba su taɓa jin sunan Fitagoras, masanin lissafin da ake danganta wa wannan ƙa'ida, ba. In ka gama ka kawo shi makaranta yara su gani, akwai masa a bakin ƙofa, ni zan saya.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a Misau, sana'ata ɗinkin babbar riga, ita na gada. Jikana ya zo hutu yana ba ni labarin inji mai zane. Ni abin da nake tsoro, yaran yanzu ko layi miƙaƙƙe ba sa iya ja da hannu. In aka ba su inji kuma, hannun ai ya mutu ke nan. Kuma a jarrabawa injin zai shiga ya zana musu?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta biyu babu ja a cikinta. A jarrabawar WAEC da NECO rula da kamfas da fensir ne a gaban yaro, kuma wanda bai saba raba layi biyu da kamfas ba, ba injin da zai cece shi. Ta farkon ma akwai gaskiya a ciki. Na ga yaran da in aka ba su manhaja irin Inkscape sai su ɗauko hoton wani daga intanet su tura wa inji, ya zana, su ɗauka suna murna sun yi zane. Wannan ba su koyi komai ba, kuma laifin malaminsu ne. Shi ya sa dokar bitata ita ce, abin da hannunka bai fara zanawa ba, Akawu ba zai taɓa shi ba.

Amma bari in gaya maka abin da ya faru da na kawo aikinku cikin aji. Na aro babbar rigar wani yayana mai aska takwas, na shimfiɗa a tebur, na ce wa 'yan babban aji su zaɓi yanki ɗaya su koya wa injin. Yaran nan kullum suna ganin irin rigar a masallacin Juma'a, amma ba su taɓa kallonta ba sai ranar. Sai ga su suna ƙirga tsinin askar, suna auna yadda kowace ta fi 'yar'uwarta tsawo, suna gardama a kan ko tazarar daidai take. Waɗanda suka zaɓi zanen tambari suka fi shan wuya. Sun ɗauka da'irori ne a cikin juna, sai da suka bi zaren da yatsa suka ga layin yana naɗewa ne yana buɗewa a hankali. Kafin su sa inji ya yi wannan, dole suka gano cewa a kowane ɗan juyi sai nisan biro daga tsakiya ya ƙaru da ɗan kaɗan, kuma girman wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke sa naɗin ya matse ko ya saki. Lissafi ne da Arkimidis na Girka ya yi rubutu a kansa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, ku kuma kuna yin sa da ido da allura.

Masu dagi su ma sun gamu da tasu. A dagi, zare yana bi ta kan wani, sannan ya nutse ta ƙarƙashin na gaba. Biro ba ya nutsewa. Dole a duk inda layi zai bi ta ƙasa a ce masa ya ɗaga, ya tsallake, ya sake sauka, kuma sai yaro ya lissafa daidai inda zai ɗaga ɗin. Ƙungiya ɗaya ta manta guri biyu, dagin ya fito kamar taliyar da aka zubar. Mako biyu suka yi a kai.

Da suka gama na gayyato wani mai zanen riga daga cikin gari, dattijo kamar kai. Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya ce layin ya yi kyau amma ya cika tsauri, kamar soja a fareti. Ya ɗauki biro, a 'yan mintoci ya zana nasa a bayan takardar, ba rula ba komai, yaran suka yi shiru suna kallon hannunsa. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi yadda yake sanin inda zare zai nutse ba tare da ya ƙirga ba, ya ce shekara arba'in ce ke ƙirga masa. Da zai tafi kuma ya ce a buga masa kwafi biyar na injin, zai ba yaran shagonsa su riƙa bi suna koyon daidaita tazara. Na ba shi goma.

A Turai ma waɗanda suka fara wannan harkar da hannu suka fara. Vera Molnar, 'yar ƙasar Hangari da ta zauna a Faransa, ta yi shekaru tana zane da hannu bisa ƙa'idojin da ta gindaya wa kanta kamar ita ce injin, kafin ta samu taɓa kwamfuta a 1968. Ta rasu a 2023 tana da shekara 99. Saboda haka Baba, in jikan nan ya sake zuwa hutu, ka zaunar da shi ka ba shi ƙyalle da biro ya kwafi aska biyu a gabanka. In ya koma makaranta ya koya wa injin abin da ka koya masa, ya kawo maka takardar ka duba masa kuskure.

Tambaya: Malam don Allah injin zai iya kwafe mini note da irin rubutuna? Ɗalibi ne ni, aji biyu na babbar sakandare a Kumo, kuma malamin darasin Gwamnati yana ba mu shafi goma a mako.

Amsa: Ɗana, zai iya rubutu, amma kafin ka koya masa irin rubutunka ka kwafe shafi ɗari da hannu, kuma malaminka zai gane, domin kowane "a" zai fito tagwayen ɗan'uwansa. Je ka kwafi aikinka.

Amma tunda ka taɓo rubutu, ga abin da zai fi maka amfani. Haruffan kwamfuta na yau da kullum gefensu kawai aka zana aka cike cikin, saboda haka in ka tura wa injin sai ya zagaye kowane harafi ya bar cikinsa fanko. Masu wannan harka sukan yi amfani da haruffa masu layi ɗaya, waɗanda wani Ba'amurke, Allen Hershey, ya tsara a 1967. Ya yi na boko, ya yi na Girkanci, ya yi na Rashanci, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ranar da muka so rubuta "Barka da ƙoƙari" a katin 'yan ajin ƙarshe, sai da muka ƙera namu. Ɗauki takardar giraf, ka zana ƙ a cikin akwati mai gida goma a tsaye da shida a kwance, ka rubuta lambobin kowane ɗigo da biro zai bi, da inda zai ɗaga. Lanƙwasar saman ita ce mai wuyar, ɗigo huɗu ko biyar za ta ci kafin ta daina kama da karyayyen kara. Turo mini lambobin ta adireshin mujallar nan, zan ba Akawu ya zana, in aiko maka da takardar yadda ta fito, ko da kuskure ko babu.